Ku Tambayi Likita: Ciwon da Ya Ƙi Tafiya Bayan Aikin Sankarar Mama

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka zo. An yi aiki, an sha kemo, an yi gashi (wato ƙona sankarar da hasken na'ura), likita ya ce an ci nasara, amma hannu da kafaɗa da gaɓoɓi sun ƙi lafawa. Mun taƙaita wasiƙun, mun cire sunaye. Masu amsawa ma'aikatan fisiyo ne, wato masu gyaran jiki ta hanyar motsa gaɓoɓi, da ma'aikatan jinyar masu sankara.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekarata 44. Wata takwas ke nan da aka cire mini maman dama, aka kwashe kaluluwar hammata. Ɗinki ya warke tuni, amma hammatar da cikin damtsena raɗaɗi suke kamar an zuba barkono, wani lokaci ko shafar riga ba na so. Ba na iya ɗaga hannun in ɗaura ɗankwali. Surukata ta ce in daina motsa shi har ya huce, ni kuma tsorona kada ciwon ne ya dawo. Wata uwa daga Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Tsoron nan a kan kawar da shi ne da dubawa, don haka ki koma asibitin da ke bibiyarki a taɓa tabon da hammatar da saman ƙashin wuya. Amma yadda kika siffanta ciwon, ya fi kama da na jijiya. Akwai wata jijiyar ji da ke fitowa daga tsakanin haƙarƙarin sama, ta ratsa hammata, ta bazu a fatar cikin damtse. Likitan tiyata ba zai kwashe kaluluwa ba sai ya bi ta wurinta, wani lokaci ta jawu, wani lokaci ta yanke. Shi ya sa fatar za ta yi dindiris amma tana raɗaɗi. Kusan mace ɗaya cikin uku tana ci gaba da jin wani ciwo watanni bayan irin wannan aiki.

Jijiyar ba ita kaɗai ba ce. Tabo yana tsukewa, tsokar ƙirji tana gajarcewa, musamman in an yi gashi, domin naman da aka gasa yakan ci gaba da ɗaurewa watanni bayan an gama. Ga kuma yadda mace ke riƙe hannun a manne da ƙirji, kafaɗa ta zubo gaba, saboda tsoron a bangaje ta. Surukarki da kyakkyawar niyya ta faɗa, kuma shawararta ta ɗan dace da kwanakin farko na aiki, lokacin da ake taƙaita ɗaga hannu sama. A wata na takwas ita ce ke ƙara ciwon. Kafaɗar da aka bari ba motsi tana ƙagewa, in kuwa ta ƙage sosai sai a yi shekara ɗaya ko biyu ana fama.

Ki ware minti 15 sau biyu a rana. Da safe bayan wanka, lokacin da jiki ke da ɗumi, sai kuma bayan la'asar. Ki fara a zaune. Ja numfashi mai zurfi sau 5 har ki ji haƙarƙarin ɓangaren aikin yana buɗewa, juya kafaɗu baya sau 10, sannan ki matso allon kafaɗu biyu kusa da juna ki ƙirga biyar ki saki, shi ma sau 10.

Daga nan ki ɗauko muciya. Kwanta rigingine a tabarma, gwiwoyi a tanƙware, ki riƙe muciyar da hannu biyu daidai faɗin kafaɗu, ki ɗaga ta sama ta wuce kanki a hankali, lafiyayyen hannun yana jan mai ciwon. Inda kika ji ya ja, ki tsaya nan ki ƙirga 20, ki dawo. Sau 5 zuwa 10. Mun fi son a yi shi a kwance saboda nauyin hannu ya ragu, kuma ƙasa tana hana baya yin ha'inci. Kuskuren da aka fi yi shi ne gantsarewa: ƙugu ya tashi daga tabarma, muciya ta kai ƙasa, mace ta ɗauka kafaɗa ta buɗe alhali baya ne ya lanƙwashe. In tafin hannun wani zai iya wucewa ta ƙarƙashin bayanki, kin wuce iyakar yau.

Sai hawan bango. Ki fuskanci bango da tazarar taku ɗaya, yatsu su riƙa tafiya sama har inda suka tsaya, ki ƙirga 20. Ki sa alama da alli ko gawayi a wurin, domin alamar ce za ta gaya miki gaskiya ranar da zuciya ta ce ba a ci gaba. Sannan ki juya, gefen aikin ya fuskanci bangon, ki sake hawa ta gefe. Wannan ya fi wuya, kuma shi ya fi amfani ga hammata. Kada ki yi ɗage, kada ki karkata jiki, kada ki bari kafaɗa ta hau ta taɓa kunne.

Na buɗe ƙirji shi ne zai dawo miki da ɗaurin ɗankwali. A kwance, ki sa hannu biyu a ƙeya, ki bar gwiwoyin hannu su sauka gefe da nauyinsu, ba tare da dannawa ba, daƙiƙa 30, sau 3 zuwa 5. In gwiwar hannun tana reto a sama tana ciwo, ki tare ta da matashi, ki riƙa rage tudunsa mako bayan mako. Wadda aka yi wa gashi kada ta bar wannan ko da ta ji ta warke, ta ci gaba da shi aƙalla shekara guda bayan gashin.

Fatar da ba ta son taɓi kuwa da taɓin ake lallashinta. Ki shafa wurin da auduga minti biyu, sau uku ko huɗu a rana. In ta saba, ki koma ƙyallen atamfa, daga baya tawul. Tabon kuma ki sa masa ɗan man kaɗanya, ki ɗora yatsu biyu ki riƙa motsa fatar a kan haƙarƙari, sama da ƙasa da kewaye, minti biyar. Motsa fatar ake so, ba goga ta ba. Ba a yin wannan a kan miki, ko a lokacin da ake tsakiyar gashi.

Yanzu ga ma'aunin da zai hana ki ji wa kanki ciwo. Ki ɗauki ciwo daga sifili zuwa goma. Lokacin motsa jiki, in ya kai uku ko huɗu babu laifi, muddin washegari da safe ya koma yadda kika saba. In ya kwana ya tashi da ƙarfi, kada ki daina, ki rage rabi na kwana biyu sannan ki ci gaba. Wanda ke fizga kamar lantarki har yatsu alama ce kin ja jijiyar da yawa, sai ki sassauta. Matsalar da ta fi kayar da mata ita ce ranar da suka tashi da daɗin jiki su ninka komai, su kwanta kwana huɗu, su ce motsin bai karɓe su ba.

Alamar bango takan fara hawa cikin mako biyu ko uku. Ciwo ya fi jinkiri, ki ba shi wata biyu zuwa uku. Raɗaɗin jijiya ba lallai ya tafi ƙaf da motsa jiki kaɗai ba, kuma farasitamol da diclofenac ba sa yi masa wani abin kirki. Magungunansa daban ne, irin su amitriptyline da gabapentin da pregabalin, likita ne ke rubuta su, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa. Tramadol na kemis ba hanya ba ce, sabo yake jawowa. In kin yi mako shida alamar ba ta gusa ba, ki nemi a tura ki sashen fisiyo. Manyan asibitocin tarayya da na koyarwa suna da shi, kamar na Shika da na Aminu Kano da na Sakkwato.

TAMBAYA: Matata aka yi wa aiki bara, aka ce mata har abada kada ta ɗauki abin da ya fi kofi nauyi da hannun hagu, wai zai kumbura. Ga yaro ɗan shekara biyu, ga aikin gida. Yanzu hannun ya raunana, kafaɗar na ciwo, kuma ta ce tana jin sa da nauyi. Har yaushe za ta zauna haka? Wani magidanci daga Maraɗi.

AMSA: Malam, kumburin da aka tsoratar da ita gaskiya ne. Kaluluwar hammata ita ce matatar wani ruwa marar launi da ke dawowa daga hannu. In aka kwashe ta, ruwan kan rasa isasshiyar hanya ya taru. Kusan mace ɗaya cikin biyar da aka kwashe wa hammata gaba ɗaya takan samu wannan kumburi, waɗanda aka cire wa ƙwaya ɗaya ko biyu kawai kuwa ba su kai haka ba ko kusa. Amma hanin ɗaukar komai tsohuwar shawara ce da aka gwada aka ga ba ta tsaya ba.

A 2009 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka fitar da sakamakon gwaji a kan mata 141 da hannunsu ya riga ya kumbura. Rabi suka riƙa ɗaga ƙarfe sau biyu a mako na tsawon shekara, rabi aka bar su. Cikin masu ɗagawa kashi 14 cikin 100 ne kumburinsu ya tashi, cikin waɗanda aka bari kashi 29. A 2010 suka fitar da na mata 154 da ba su kumbura ba tukuna, kuma a cikin waɗanda aka cire wa kaluluwa biyar ko fiye, kashi 7 ne suka kumbura a masu ɗagawa, kashi 22 a sauran. Sai dai a lura da yadda aka yi: an fara da nauyi ƙanƙani, an riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, akwai mai koyarwa a makonni 13 na farko, kuma masu kumburi suna sanye da safar hannu mai matsewa. Haɗarin yana cikin ɗora wa raunanannen hannu kaya kwatsam, kamar wadda ta shekara ba ta ɗauki komai ba, ranar biki ta sunkuci tukunya.

Tunda ta ce tana jin nauyi, a fara da awo. A samo tef ɗin tela a auna hannu biyu a wuri uku: wuyan hannu, santimita 10 ƙasa da lanƙwasar gwiwar hannu, da santimita 10 sama da ita. Da safe, a rubuta a littafi. In na hagun ya fi na dama da santimita 2 ko fiye a wani wuri, ko zobe da awarwaro da hannun riga sun fara matsewa, a je asibiti kafin a fara komai, a auna mata safa. Safar kasuwa da ba a auna ba takan naɗe a damtse ta shaƙe hannun, ta ƙara kumburin.

In awo ya yi daidai, ta fara sau biyu a mako, da hutun kwana biyu ko uku a tsakani, misali Litinin da Alhamis. Makon farko hannu wofi. Motsi huɗu sun isa: lanƙwasa gwiwar hannu ta miƙe, ɗaga hannu gefe zuwa daidai kafaɗa, ta dafa tebur ta ɗan sunkuya ta jawo gwiwar hannu baya, sai tura bango da tafin hannu biyu. Kowanne sau 10, ta huta minti ɗaya, ta sake 10. Mako na biyu ta riƙe gorar ruwa ta santilita 50, rabin kilo ke nan. In ta yi zama uku ko huɗu babu ƙarin nauyi ko matsewa, ta koma ta santilita 75, a hankali har ta kai ta lita ɗaya da rabi. Ba a ƙara nauyi da yawan ɗagawa rana ɗaya. In rashin lafiya ko tafiya ta sa ta tsallake mako guda ko fiye, ta koma nauyin baya ta sake hawa. A maimaita awon duk mako biyu.

Aikin gida ma haka za a bi shi. Shara da wanke-wanke da yankan kayan miya tun yanzu. Wanki a raba shi kashi-kashi, matsewar manyan zannuwa a bar wa wani. Tuƙin tuwo a ƙaramar tukunya, in ya yi tauri wani ya ƙarasa. Daka da jan guga su ne na ƙarshe, sai bayan wata biyu ko uku na ƙarfafa hannu. Yaro ɗan shekara biyu ya haura kilo 10, don haka ta zauna ya hau cinyarta da kansa maimakon ta ɗago shi daga ƙasa. Aikinka a nan, Malam, ka sama mata mai daka da ɗibar ruwa na ɗan lokaci, amma kada a karɓe mata komai don tausayi.

A kula da fatar hannun: ƙunar murhu, yankan wuƙa, cizon sauro, da faso na hunturu duk ƙofofi ne na ƙwayar cuta. A wanke kowane rauni da sabulu, a riƙa shafa mai. In hannun ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi ko rawar ɗari, a dakatar da motsa jiki a kai ta asibiti a ranar, domin maganin kashe ƙwayoyin cuta take buƙata.

TAMBAYA: Kafaɗata ta ɓangaren aikin ta yi tsami, yayata ta ce a kira wanzami ya yi mini ƙaho, a kuma riƙa gasa wurin da ruwan zafi. Ya halatta a likitance? Malama daga Azare.

AMSA: A'a Malama, ban da wannan hannun, da ƙirjin, da bayan kafaɗar ɓangaren. Ƙaho da tsaga da sakiya duk fasa fata suke yi a wurin da ba shi da isasshiyar kaluluwar da za ta tare ƙwayar cuta, kuma zuƙar ƙahon kanta tana jawo ruwa ya taru. Ruwan zafi matsalarsa ita ce fatar ba ta ji sosai, sai ta ƙone ba ki sani ba. In kina son ɗumi, tawul mai ɗumi-ɗumi da kika gwada da ɗaya hannun, minti 10 a bayan kafaɗa, kafin ki yi motsin muciya da na bango da muka bayyana a amsar farko. Tausa mai ƙarfi da man zafi a kan fatar da aka gasa ma a bar su.

TAMBAYA: Likita, shekarata 57. An ɗora ni a kan anastrozole, wai sai na sha shekara biyar. Tun wata na uku yatsuna suke ƙagewa da asuba, gwiwoyi da ƙugu suna ciwo, zaman tahiya ya gagare ni. Ina so in ajiye shi in huta. Hajiya daga Kano.

AMSA: Hajiya, muna roƙonki kada ki ajiye shi da kanki. Irin sankarar da aka ba ki shi dominta da sinadarin mata na estirojin take rayuwa, ƙwayar nan kuma ita ke hana jiki ƙera shi bayan ɗaukewar al'ada. Gaɓoɓi ma suna amfana da sinadarin, shi ya sa kusan rabin masu shan wannan rukunin magani suke kukan da kike yi. Ki gaya wa likitanki dalla-dalla. Yana iya canza miki zuwa letrozole ko exemestane ko tamoxifen, kuma mata da yawa da ɗaya ya wahalar sukan samu sauƙi da wani.

Motsa jiki a nan an gwada shi. A 2015 Jami'ar Yale ta fitar da binciken mata 121 masu irin wannan ciwon gaɓoɓi. Waɗanda aka ɗora wa tafiyar minti 150 a mako da ƙarfafa tsoka sau biyu, ciwonsu mafi tsanani ya ragu da kashi 29 cikin 100 bayan shekara, na sauran kuwa ya ɗan ƙaru da kashi 3. Ki lura da bayan shekara ɗin. Sauƙin taruwa yake yi, ba ya zuwa a mako biyu.

Ki fara da tafiyar minti 10 a rana, kwana biyar a mako, ki riƙa ƙara minti 5 duk mako har ki kai 30. Saurin da ake so shi ne wanda kina iya magana amma ba ki iya jan dogon karatu ba tare da tsayawa numfashi ba. Ba dole sai kin fita titi ba. Tsakar gida ta isa, ki riƙa juya kewayen kada gwiwa ɗaya ta ɗauki dukan lanƙwasa, kuma da takalmi mai riƙe dunduniya, ban da silifas. In minti 30 a jere sun yi yawa, goma-goma sau uku daidai ne. Mintunan farko su ne mafi ciwo, daga nan gaɓar ta saki, kada su yaudare ki ki koma ki zauna.

Sau biyu a mako ki ƙarfafa cinyoyi, domin su ke ɗauke wa gwiwa nauyi. Tashi daga kujera ki zauna a hankali sau 10, zagaye biyu, da farko da dafawa, daga baya hannu a ƙirji. Faɗawa kujera da ƙarfi shi ke ɓata shi, saukar ce ke gina tsoka. Ki dafa bango ki hau dakali ko matakala ɗaya ki sauka sau 10 kowace ƙafa, ki yi ɗage ki sauka sau 10. Yatsu kuma, kafin alwalar asuba ki tsoma su a ruwan ɗumi minti biyar, ki dunƙule ki buɗe sau 10, ki taɓa kowane yatsa da babban yatsa, ki matsa soso. Salla a kujera rangwame ne ga wanda ya kasa, ki yi amfani da shi ba tare da damuwa ba kafin gwiwar ta dawo.

Maganin nan yana kuma rage ƙwarin ƙashi, wanda tafiya da ɗaga nauyi ke taimakawa a kansa. Ki yawaita kindirmo da ƙananan kifi da ake ci da ƙashi da zogale da miyar kuka, ki tambayi likita batun hoton auna ƙwarin ƙashi da bitamin D. Ciwon maganin yakan kama ɓangare biyu daidai, ya fi da safe, ya sassauta da motsi. In wuri ɗaya ne a cikin ƙashi ke ƙaruwa kullum, wannan daban ne, ki karanta amsarmu ta ƙarshe.

TAMBAYA: Yau kwana biyar da yi wa Mamanmu aiki, robar da ke zuƙe ruwa tana jikinta. Ta naɗe hannun ta ƙi motsa shi. Yaushe ya kamata ta fara? Ɗiyarta daga Kaduna.

AMSA: Tun washegarin aiki ya kamata, amma da iyaka. Muddin robar na nan, gwiwar hannu kada ta wuce daidai kafaɗa, domin ɗagawa sama da wuri yana ƙara ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin ɗinki. Abin da za ta yi yanzu: dunƙule hannu da buɗewa, lanƙwasa gwiwar hannu, ɗaga kafaɗu da juya su, numfashi mai zurfi, kowanne sau 5 zuwa 10, sau uku a rana. Ta ci abinci da hannun, ta wanke fuska da shi, ta riƙa zagaya ɗaki. In ta kwanta a sa matashi a ƙarƙashinsa.

Da an cire robar, galibi cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma likitan tiyata ya amince, sai ta shiga hawan bango da muciya. Wani gwaji da aka yi a Ingila kan mata 392, aka buga a 2021, ya nuna waɗanda aka fara wa shirin fisiyo daga kwana 7 zuwa 10 bayan aiki sun fi samun amfanin hannu da ƙarancin ciwo bayan shekara. Akwai kuma dalili na kusa: in za a yi wa Mama gashi, sai ta iya ajiye hannun sama da kanta na mintuna a kan gadon na'ura, in ta kasa a ɗaga mata rana. Burin shi ne cikin mako huɗu zuwa shida hannun ya kai inda ɗan'uwansa ke kaiwa. Kafin nan ban da ɗaukar abin da ya wuce kilo ɗaya ko biyu. In ɗinkin ya buɗe, ko ya yi ja yana ruwa, ko wurin ya cika ya yi tauri, a tsaya a koma asibiti. In an yi mata aikin gina mama, umarnin likitanta shi ke gaba da namu.

TAMBAYA: Wata guda bayan aiki na ga wata igiya ta fito a hammatata, tana ja har gwiwar hannu in na miƙe. Jijiya ce ta tsinke? Wata ɗaliba daga Jos.

AMSA: Ba tsinkewa ba ce. Ƙananan hanyoyin ruwan kaluluwa ne suka yi tauri bayan aiki, abu ne sananne a makonnin farko, kuma yakan saki cikin watanni kaɗan in ana miƙa shi. Ki yi hawan bango ta gefe da gwiwar hannu a miƙe, ki tsaya daƙiƙa 30 inda ya ja, sau 5, sau biyu a rana. Wata rana kina iya jin ta yi ƙas ta saki, ba abin tsoro ba ne. Kada ki bari kowa ya fizge ta ko ya tsaga. Ki nuna wa likitanki a ziyara ta gaba, ma'aikacin fisiyo yana iya sassauta ta da hannu.

TAMBAYA: Tun da na gama kemo tafin ƙafafuna suka yi dindiris, suna tsira kamar allura, har tuntuɓe nake yi. Zan iya tafiyar da kuke cewa? Kuma yaya zan yi da azumi? Maman biyu daga Damaturu.

AMSA: Za ki iya, da kiyayewa. Magungunan kemo irin su paclitaxel da docetaxel suna cikin waɗanda suka fi taɓa ƙananan jijiyoyin ƙafa da yatsu, kuma farfaɗowarsu a hankali take. Ki yi tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri mai haske, da rufaffen takalmi, ban da taka ƙasa mai zafi ba takalmi. Duk dare ki duba tafin ƙafa ko akwai ƙaya ko ƙuna da ba ki ji ba. Don tuntuɓen, ki dafa bango ki tsaya da ƙafa ɗaya daƙiƙa 10 zuwa 20, sau 3 kowace ƙafa, sannan ki yi taku 10 dunduniya na taɓa yatsu, kullum. In raɗaɗin yana hana barci, ki tambayi likita batun duloxetine. In an ba ki jan kemon nan doxorubicin, ko allurar trastuzumab, kuma kika ga haki da ba ki saba ba ko kumburin idon sawu, ki tsaya a duba zuciya tukuna. Da azumi, miƙa hannu kowane lokaci ya yi, tafiya da ɗaga gora kuwa a bari sai awa ɗaya ko biyu bayan buɗa-baki, an sha ruwa sosai.

TAMBAYA: Shekara uku da gama magani. Mako shida ke nan tsakiyar bayana na ciwo, da dare ya fi, har tashina yake yi. Na gwada motsa jiki da tausa bai ragu ba. Wane motsi zan ƙara? Wata baiwar Allah daga Birnin Kebbi.

AMSA: Kada ki ƙara ko ɗaya, 'yar'uwa. Ki dakatar da motsin da tausar, ki ga likitan sankara a cikin makon nan. Ciwon tsoka da na tabo suna canzawa da motsi, suna lafawa in an kwanta. Wanda ya tsaya wuri ɗaya a ƙashi, yana ƙaruwa mako bayan mako, yana tada mutum daga barci, sai an tabbatar ba sankarar ce ta koma ƙashi ba, domin ƙashin baya da ƙugu da haƙarƙari su ne wuraren da ta fi zuwa, ko bayan shekaru. Yana iya zama wani abu mai sauƙi, amma hoto ne zai faɗa. Hoton ƙashi na yau da kullum yakan kasa ganinta da wuri, don haka ki tambaya game da MRI ko hoton ƙashi na musamman. Ko da an same ta akwai magani, gashi yana rage zafin irin wannan ciwon sosai, kuma ba a hana motsa jiki gaba ɗaya, sai dai a cire tsalle da murɗa baya da sunkuyawa da kaya.

In kuwa kafin ranar ganin likita ƙafafu suka fara nauyi ko mutuwa, ko tafiya ta rikice, ko fitsari ya riƙe ko ya riƙa zuba, ko ciwon ya ɗaure ki kewaye da ƙirji ko ciki, to lakar baya ce ake dannewa, kuma awoyi ke raba mai tafiya da wadda ba za ta sake takawa ba. A ɗauke ki a kwance a miƙe zuwa sashen gaggawa na babban asibiti ko da tsakar dare ne. A tafi da katin asibiti, da sakamakon gwajin naman da aka cire, da kwalayen magungunan da kike sha, kuma tun daga bakin ƙofa a gaya wa ma'aikaci cewa an taɓa yi miki maganin sankarar mama, yanzu ga ciwon baya da mutuwar ƙafa.